Tsakon Inna: Shafi na 19

Ranar Laraba aka ba Na'inna rubutu ya sha.

Na'inna ba mutum ba ne. Wani ɗan ƙwai ne na roba, ruwan ɗorawa, bai cika tafin hannun yaro ba, da sarƙar makulli a kansa, da gilashi irin na agogon hannu, da maɓallai uku a ƙasa. A cikin gilashin wani baƙin tsako mai bakin agwagwa ke kai da kawowa. Yana jin yunwa, yana kashi, yana ciwo, in an ƙyale shi ya mutu. Alhazan shekarar 1998 suka shigo da irinsa cikin tsaraba, har ɗaya ya faɗo hannun Ummulkulsum, matar Gidaɗo.

Ranar da naƙuda ta taso mata za a kai ta asibiti, ta tsaya a bakin ƙofa, tana cije leɓe tana dariya, ta rataya wa 'yarta Mardiya shi a wuya.

"Ki riƙe min shi. In kika bar shi ya mutu, ba ni dawowa."

Wasa take yi. Gidaɗo ma ya yi dariya a lokacin. Ba ta dawo ba, ita da abin da ke cikinta.

Yarinya 'yar shekara shida ba a gaya mata mutuwa. An ce mata Inna ta yi tafiya. Bayan sadakar arba'in kakarta ta wajen uwa, Marka, ta ɗauke ta zuwa Kebbe, tsakon na wuyanta, kuma tun daga ranar ba ta kai loma baki sai ta ga ya ci tukuna.

Alhamis da hantsi Lauwali mai babur, mutumin Fakku, ya taka birki a bakin shagon Gidaɗo a Tambuwal. Ko injin bai kashe ba.

"Malam Gidaɗo, an ce ka zo yanzu. Abin nan na wuyan yarinyarka ya ɗauke wuta tun jiya."

"Ita fa?"

"Ita ta ɗinke baki. Ko ruwa. Ga zazzaɓi."

Gidaɗo ya jawo jakar aikinsa, ya zuba sukudireba ƙarama da hantsaki da tabaron gyaran agogo da ragowar sifirit a ƙasan kwalba da batira sababbi guda biyu. Ya bar shagon a buɗe, da rediyon wani a fafe a kan teburi.

A zamanin da kuɗin mai suka yi ambaliya, an tura shi ya koyi aikin lantarki, ya dawo yana bin ƙauyuka yana kafa talabijin a gidajen kallo. A lokacin in ya sauka daga mota sai an yanka kaza. Yau gidajen kallon awaki ke kwana ciki, ilimin kuma ya ƙare a kan tocila da rediyo. Sai da matarsa ta mutu ya sake samun abin da ya cancanci ya zauna ya yi masa karatu. Ya bi kasuwar Jabo da ta Sanyinna yana sayen 'yan'uwan Na'inna a hannun masu sayar da sarƙar makulli, yana kawo su shago yana feɗe su ɗaya bayan ɗaya. Duk sun mutu a hannunsa, amma kowanne ya koya masa abu kafin ya tafi.

Ya koyi cewa tsakon ba shi da ma'ajiya. Ransa wutar batir ce. In ta yanke ko na ƙiftawar ido, ya manta da komai, ya koma ƙwai. Shi ya sa duk Juma'a yake zuwa Kebbe, ya jona wani batir ta gefe da siraran wayoyi kafin ya zare tsofaffin, a hankali kamar mai cire ƙaya a ido.

Ya kuma koyi wani abu da bai taɓa gwadawa a kan Na'inna ba. Shi ne abin da yake juyawa a ransa a bayan babur, yayin da taɓon hanyar Kebbe ke fantsama masa har gwiwa.

Da wani abu kuma na biyu. Maganar da yake haɗawa yana warwarewa tun ranar jana'iza. Yau ya yanke: zai tashi tsakon, yarinyar ta ci abinci, in cikinta ya ɗauka ya zaunar da ita ya gaya mata da bakinsa. Zai ce Inna wasa take yi. Zai ce tafiyarta ba ta rataye a wuyan kowa ba. Kuma zai kira yarinyar da sunanta.

Bai taɓa kira ba. 'Yar fari ce. A gidan da aka haife shi uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya nuna ya san da shi a gaban mutane. "Ke" yake ce mata, ko "yarinyar nan". Ummulkulsum ce mai kiran suna, mai goyo, mai lallashi. Shi nasa alkunya. Alkunya abu ne mai kyau matuƙar akwai wani a gidan da ba ya yin ta.

*

A zaure ya tarar da Abdulƙadir, ƙanin marigayiya, wanda a gida ake ce wa Audu, zaune a kan buzu tsakanin alluna, yana feƙe alƙalami.

"A'a, Injiniya. An zo jinyar kazar Turawa?"

"Ina take?"

"Wace? Ta roba ko ta jini? Don ni ban san wadda kaka zo wa ba duk Juma'a."

Da can wannan bakin wasa ne tsakaninsu. Tun rasuwar, kalmomin dai su ne, amma dariyar ta fita daga cikinsu. Gidaɗo ya tuɓe takalmi ya wuce cikin gida.

Ɗakin suruka ba wurin shigarsa ba ne. Ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, asabari a sauke tsakaninsu.

"Gwaggo, ina wuni."

"Lafiya lau, Malam. An zo lafiya? Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

A nan ƙasar ko ana haƙa kabari da sauƙi ake cewa. Ta tsakanin karan asabarin ya hango 'yarsa a kan tabarma, a dunƙule cikin wani mayafi shuɗi da ya sani sarai. Leɓenta ya bushe ya tsage. Hannayenta biyu na ƙirji, sarƙar makullin ta leƙo ta tsakanin yatsu.

"Ni ce da laifi," in ji Marka, muryarta a ƙasa. "Zazzaɓi ya kama ta, Audu ya yi mata rubutu. Tac ce ba ta sha, wai shi ma abin nata ba shi da lafiya, ga alama nan ta fito. Na yi lallashi, na yi faɗa. Sai nac ce to tsoma bakinshi ya kurɓa, ke ma ki sha. Mi na sani? Abin da ka ci, ka yi kashi, ai na ɗauka shina sha."

"Ita ta tsoma da hannunta?"

"Da hannunta. Ya yi ɗan kuka sau guda, shi ke nan."

Marka ba ta taɓa faɗin sunan Ummulkulsum ba, don ita ma 'yar farinta ce. Ko ranar da aka kawo gawa ba a ga hawayenta ba, sai da safe aka ga ta daka geron da ya ishi gida uku. Yanzu ta juya ga jikarta da muryar da ta ara daga wani wuri.

"Ke uwar rigima, tashi, ga likitan tsakonki ya zo. Ko sai na zo na zauna miki a kai?"

Mayafin ya motsa.

"Baba."

"Na'am."

"Barci shikai?"

"Barci yake."

"Tun jiya?"

"Rubutun ne ya yi masa nauyi. Kawo in tashe shi."

Wani siririn hannu ya fito ta ƙasan asabari. Da yatsunsa suka taɓa nata sai ya ji kamar ya taɓa murfin tukunya.

"In na tashe shi za ki sha kunu?"

"In ya ci."

"To."

"Baba, kar ka daɗe. Inna na iya zuwa ta tarar da shi haka."

Ya miƙe da sauri, don in ya ƙara ƙiftawa ɗaya a durƙushe, surukarsa za ta ga abin da bai kamata ta gani ba.

*

Ya shimfiɗa farin ƙyalle a bakin zaure, inda haske ya fi. Hadari na haɗuwa ta gabas. Ya ɗaura tabaron a ido, ya kwance sukurori huɗu, ya jera su a murfin kwalba.

Da ya ɗaga bayan, warin ƙaron tawada da tsatsa ya bugi hancinsa. Tawadar ta shiga ko'ina. Ta kwanta baƙi a kan ɗan koren allon ciki, ta haɗe kan batiran da gindinsu, ta shanye su tas. Ya taɓa su da harshe. Ko ɗan yaji babu.

Na'inna na Ummulkulsum, wanda ta ƙyanƙyashe da hannunta, wanda shi kuma ya yi wata da watanni yana yi wa dabara, ya tafi tun jiya. Gidaɗo ya zauna yana kallon wurin. Ya yi mamakin yadda abin ya soke shi.

"Ya mutu ko?" in ji Abdulƙadir daga kan buzu.

"Bai mutu ba sai na ce."

"Subhanallahi. Ka ji abin da kac ce kuwa?"

Gidaɗo ya tsiyaya sifirit a gashin kaza ya fara share allon, layi-layi. Ya zare robar maɓallan ya goge, sifirit ɗin ya ƙare kafin ya gama da na tsakiya. Ya hura, ya goge da bakin rigarsa. Ya aika aka kawo garwashi a kasko, ya riƙe allon daga nesa yana juya shi har danshin ya fita.

"In ka sa sabon batir, mi za ya fito?" Abdulƙadir ya matso, duk da kansa.

"Ƙwai."

"To ka ba ta ƙwan."

"Ta san ƙwai ba Na'inna ba ne. Ta san in ƙwai ya fito, na da ya mutu."

"Ai ya mutu ɗin."

"Duba nan." Gidaɗo ya nuna da bakin hantsaki. A tsakiyar allon akwai wani baƙin ɗigo kamar an ɗisa kwalta, a gefensa wasu ƙananan ɗigo biyu na jan ƙarfe, kusa da juna amma ba su haɗu ba. "Waɗanda suka ƙera shi sun bar wa kansu ƙofar baya, don su gwada kafin su sayar. In aka haɗa waɗannan biyun da zanen fensir, aka sa batir, duk kamannin da tsakon ke iya ɗauka sai su riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya. In ka ga wanda kake so, ka danna na tsakiya, ya tsaya. Zan tsayar da mai bakin agwagwa. Ba za ta bambance ba."

"Wato ƙarya za ka ƙera mata da hannu."

"Ƙaryar da aka yi mata da baki ba ni na fara ba."

Ya zura hannu a jaka. Ya sake zurawa. Ya zazzage ta a kan ƙyalle. Fensirin yana can Tambuwal, a bayan rediyon da ya bari a fafe.

"Ba ni fensir."

"Nan gidan allo ne, Injiniya. Ba mu ajiye shi."

"Maƙwabta fa?"

"Duk suna gona. Ka ga hadari."

Gidaɗo ya dubi baƙin da ke kan gashin kazar. Abin da ya iya haɗe batir har ya shanye shi, zai iya haɗe ɗigo biyu. Ya ɗaga kai ya dubi kurtun tawada da ke gefen buzu.

"Ara min alƙalaminka."

Abdulƙadir ya bi idonsa, ya gane, fuskarsa ta canza.

"Alƙalamin da nika rubuta Alƙur'ani da shi? In ba ka ka zana wa gunki rai?"

"Ba gunki ba ne. Agogo ne mai hoton kaza."

"Agogo anka hana yarinya abinci dominshi? Agogo taka tashi da asuba ta gaida kafin ta gaida kakarta? Kai ka ɗaure ta da shi, Gidaɗo. Da tun watan farko ka bari batir ya ƙare, da ta yi kukanta ta gama."

"Da ta yi kukanta ta ce ita ta hana uwarta dawowa."

"Sai a gaya mata gaskiya."

"Zan gaya mata."

"Yaushe? Juma'a nawa kaz zo nan? Ka zo, ka duƙa kan roba, ka sha fura, ka hau babur. Ko fuskarta ba ka kallo."

"Ka san dalili."

"Na san alkunya. Alkunya ba ta hana mutum ya ce wa marainiya sannu ba."

Kalmar ta faɗo tsakaninsu. Gidaɗo ya waiga wajen ƙofar cikin gida.

"Rage murya."

"Audu." Muryar Marka ce daga bayan katanga. Ashe tana nan tsaye. "Ba shi abin da yat tambaya."

"Inna, wanga abu..."

"Yarinyar nan ba ta kai gobe a haka. Na ga irin wagga bushewar baki, na san inda taka zuwa. Ba shi. Maganar gaskiya kuma, ba a yin ta cikin gidana sai ta yi wayo. Haka anka yi muna, ba mu mutu ba."

Abdulƙadir ya tura kurtun da bayan hannu har gaban Gidaɗo, ya ɗauke alƙalaminsa ya soke a hula.

"Tawada ruwa ce da baƙin tukunya. Ɗauki. Alƙalami kam a'a."

Gidaɗo ya zari tsinke daga tabarma, ya feƙe shi da haƙori, ya tsoma. Ya riƙe numfashi, ya ja ɗan layin da bai kai tsawon ƙwayar gero ba. Ya kara shi a kan garwashi har ya bushe. Ya mai da gilashi mazauninsa, ya mai da robar maɓallai, ya danne komai da yatsu biyu, ya zura batiran.

Shiru.

Iska ta taso ta kwashi tokar kaskon. Can nesa aka yi tsawa.

Sai wani ɗan siririn kuka, tsit, kamar na tsakon gaske a ƙarƙashin kwando.

Abdulƙadir ya ce, "La haula," a hankali, ya durƙuso har kafaɗarsa na taɓa ta Gidaɗo.

Gilashin ya yi baƙi gaba ɗaya, ya washe. Ƙwai ya fito, ya wuce. Wani ɗan dunƙule mai ido biyu ya fito, ya wuce. Wani mai ƙafafu. Wani mai kunne kamar zomo.

"Wane ne nata?"

"Yana tafe. Yi shiru."

"In ka wuce shi fa?"

"Na ƙarshe ba na so a gani. Yi shiru, Audu."

Na ƙarshen ya gan shi sau da yawa a shago. Shi ne hoton da abin ke nunawa in tsako ya mutu: ɗan dunƙule da fukafukai, yana hawa sama, taurari na kewaye da shi. Duk yaron da ya taɓa riƙe irin wannan ƙwan ya san shi. Mardiya ta san shi. Ta ga na 'yar maƙwabtansu a Tambuwal, ta dawo gida tana tambayar uwarta ina ya tafi.

Wani mai dogon wuya ya wuce.

"Ka san abin da ya fi ci min rai?" Abdulƙadir ya ce, idonsa na kan gilashin. "Yayata ce. Ita tag goye ni. Tun da anka rufe ta ba a bar ni na faɗi sunanta cikin gidan nan ba. In na yi mata addu'a sai in yi a ɓoye awa ɓarawo. Duk don kar a ji."

"Ba yanzu ba."

"Kullum ba yanzu ba."

Ga shi nan. Bakin agwagwa, ɗan tukku a ka, yana karkaɗa jiki hagu da dama kamar bai taɓa zuwa ko'ina ba.

Gidaɗo ya danna na tsakiya.

Maɓallin ya nutse, bai taɓa komai ba. Ƙaron da sifirit bai kai gare shi ba ya bushe a ƙarƙashin robar. Ya sake dannawa. Mai bakin agwagwa ya karkaɗa sau ɗaya, ya wuce.

"A'a. Tsaya. Tsaya mana."

Ya danna da farce, da dukkan ƙarfinsa. Wani mai gashin baki ya wuce. Wani mai kama da tsutsa ya wuce. Ya ji ɗan ƙas a ƙarƙashin yatsansa, ƙaron ya fashe, maɓallin ya kama.

Abin ya yi wani dogon kuka mai sauka ƙasa-ƙasa, ya tsaya.

Fukafukai. Taurari.

"Ba komai," in ji Gidaɗo da sauri, yana laluben hantsaki. "In zare batir in sake. Layin na nan. Ba komai, minti ɗaya ne..."

Abdulƙadir ya kama wuyan hannunsa.

"Ya isa."

"Sake ni."

"Dubi abin da yan nuna maka. Ko robar ta gaji da ƙarya. Sau nawa za ka tashe shi? In ka tashe shi yau, gobe fa? In ta shekara goma tana jira a bakin ƙofa fa? Ummulkulsum ta rasu, Gidaɗo. Ta rasu, mun yi mata salla, ni da kai munka sa ta a rami. Ba batirin da za ya dawo da ita."

Bai ɗaga murya sosai ba. Zauren ne ƙarami.

Gidaɗo ya ga idon Abdulƙadir ya tsallake kafaɗarsa ya tsaya. Ya ji yatsun da ke wuyan hannunsa sun saki.

Ya juya.

Tana tsaye a ƙofar cikin gida, ta dafa bango da hannu ɗaya, shuɗin mayafin na jan ƙasa a bayanta. Kukan farko ta ji, ta taso. A ɗaya hannun tana riƙe da ƙoƙon kunu, cike, ta kawo don su ci tare. Marka na bayanta, hannu a baki.

Ba kawunta take kallo ba. Gilashin take kallo, a tafin hannun ubanta, inda ɗan dunƙulen ke ta hawa sama ba ya isa.

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da an san abin yi.

"Baba."

Ya buɗe baki. Maganar tana nan, a shirye, tun daga Tambuwal yake tauna ta. Amma ga surukarsa tsaye, ga ƙanin matarsa, ga shekara arba'in na tarbiyya zaune a kan harshensa kamar dutsen niƙa. Ya tsaya neman ta inda zai fara ba tare da sunan ba. Numfashi ɗaya ya ɓata. Ɗaya tak.

"Don na tsoma shi ne?" ta ce. "Inna tac ce in na bar shi..."

Ƙoƙon ya fara karkata. Kunun ya zubo a kan yatsun ƙafarta, ba ta duba ba.

"Ni ce na..."

Gwiwoyinta suka lanƙwashe. Idanunta suka juye, farin ya fito, jikinta ya sandare ya hau karkarwa a kan daɓen zauren. Marka ta yi kanta tana salati. Abdulƙadir ya yi waje da gudu ba takalmi yana ƙwala wa Lauwali kira ya tada babur. Ruwan sama ya sauko kamar an kwance bakin salka.

Gidaɗo ya yar da ƙwan. Ya ture hannun surukarsa, abin da bai taɓa zaton zai yi ba a duniya, ya ɗauki 'yarsa. Karo na farko ke nan tun da aka haife ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Kanta ya faɗa baya a kan damtsensa, kunnenta na daidai bakinsa, ba ta jin ruwan, ba ta jin salatin, ba ta jin komai.

A ƙasa, cikin kunun da ya zube, tsakon na ta hawa sama.

Ya fita da ita cikin ruwan, maganar na nan cikin bakinsa inda ya ajiye ta, ba wanda zai karɓa.

Ba ke ba ce, Mardiya.